Ɗakin da Na Gina wa Muryar Goggo

Kaset ɗaya tak muke da shi na waƙoƙin Goggo, shi ma a wajen wani biki aka ɗauka, rikodar tana ajiye a kan tabarma kusa da ƙafafun mata. Ranar da na ɗauko shi don in saurara, rikodar ta cinye zaren. Na zauna da biro ina naɗe shi a hankali, na liƙe inda ya tsinke, na sake sakawa. Muryar ta fito tana rawa kamar ta mai zazzaɓi, guɗa da kukan yara sun danne rabin baitocin. Goggo tana gefe tana tsinkar zogale, ta ɗago kai ta ce, “Wace ce wannan take kuka?” Ba ta gane kanta ba.

Goggo yayar mahaifina ce. Shekara da shekaru ita ce mai amada a ƙauyenmu da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Bakori. Ba a yin biki ko suna ba a kife mata ƙwarya ba. Ba ta yi suna a duniya ba, iyakarta ƙauyukan da ake zuwa a ƙafa ko a bayan a-kori-kura. Amma a ƙasarmu waƙa ba baƙuwa ba ce. A Funtuwa Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa, duk da haifaffen Musawa ne, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. A nan kuma Hajiya Barmani Choge ta fito da amada daga tsakar gida zuwa dandali, ta rasu a 2013. Muryoyin waɗannan biyun sun tsira, saboda gidajen rediyo da kamfanonin faifai da masu kaset sun bi su sun naɗa. Su Goggo babu wanda ya bi su. Ranar da aka yi rasuwar Barmani ta wuni ba ta ci abinci ba, da dare ta ce mini, “Ita dai ta bar abin da za a ji. Mu in mun tafi, mun tafi da kayanmu.”

Maganar nan ta zauna mini a rai shekara shida. A 2019 na ɗauke ta muka tafi Kano, wani sutudiyo a wajen Titin Gidan Zoo, inda 'yan fim da mawaƙan zamani ke hada-hada. Yaron da ke aikin ya karɓe mu da mutunci, ya kira ta Hajiya, ya ba ta kujera. Sai dai tsarin aikinsu daban ne. Shi zai fara haɗa kiɗa da fiyano, sannan mawaƙi ya shiga wani ɗan akurki shi kaɗai, ya sa abin ji a kunne, ya bi kiɗan da aka riga aka yanka masa. 'Yan amshi daga baya suke shiga, ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta shiga akurkin, aka rufe ƙofa, ta tsaya tana kallonmu ta gilashi. Aka saki kiɗa ta kasa kamawa. Aka sake, ta kasa. A karo na huɗu ta cire abin kunnen ta fito ta ce, “Ɗan nan, mu tafi gida. Ni ban iya waƙa da bango ba.”

A mota na gane abin da take nufi. A amada kiɗa ne ke bin mai waƙa. In ta ja baiti masu ƙwarya su jira ta, in ta ga wata ta yi murmushi ta sako mata zambo nan take, 'yan amshi su karɓe tun kafin ta rufe baki. In aka raba su aka naɗi kowa shi kaɗai, abin ya mutu. Ɗakin da take bukata shi ne wanda zai ɗauki mata bakwai da ƙorensu a zaune, kuma ya zama kusa da gida.

Ni manomi ne, ɗan manomi. Abin da na sani na kwamfuta a wani shagon tura waƙoƙi na koya, sauran kuma a YouTube, cikin dare, lokacin da data ke da araha. Da kakar 2021 masarata ta yi kyau, na ware buhu 30 na ce da su zan yi aikin. Da labari ya kai wa Baba, ya aiko a kira ni zaure.

“Na ji an ce za ka buɗe gidan kiɗa.”

“Ba gidan kiɗa ba ne, Baba, ɗakin ɗaukar murya ne.”

“Kuɗin takin baɗi fa?”

Na yi shiru. Ya ce shi bai haifi maroƙi ba, kuma abin da ya yi shekaru yana kawar da kai a kansa ba zai yarda a kawo masa shi cikin gida da lasifika ba. Bai ambaci sunan yayarsa ba, amma na san da ita yake. Bai hana ni ba, bai kuma sa albarka ba. A gidanmu wannan ya fi hani ciwo.

Kuskurena na farko shi ne na gina sabon ɗaki da bulon siminti, na rufa kwano, na bi masu sayar da shayi na tara kwalayen ƙwai na manne bango da su, don haka na ga ana yi. Rashin sani ya fi dare duhu. Kwalin ƙwai ba ya tare komai. Injin niƙan maƙwabta yana shigowa, babur yana shigowa, tirelolin da ke bin titi suna shigowa da rugugi ta ƙasa. Da ruwan farko ya sauka a kan kwanon, ko maganar kaina ban iya ji ba.

Daga nan na fahimci cewa aiki biyu ne nake ɗauka ɗaya. Na farko shi ne hana ƙarar waje shigowa, kuma wannan nauyi da kauri kawai ke yin sa, tare da toshe duk wata kafa da iska za ta bi, don inda iska ta wuce sauti ma zai wuce. Na biyu shi ne hana muryar da ke ciki dukan bango tana dawowa, wato amsa-kuwwa, shi kuma abu mai laushi da kauri yake so. Ɗakina ya faɗi a duka biyun. Ƙari a kan haka, na yi shi tsawo da faɗi daidai, mita 3 kowane gefe. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kuma a ɗaki mai wannan awo akwai wani amo mai kauri da ke kai-da-komo tsakanin bangaye yana ninka kansa. Da zarar an bugi babbar ƙwarya sai ɗakin ya ɗauki gunji kamar cikin randa.

Mafita tana bayan gidanmu tun kafin a haife ni. Soron kakanmu ne, ginin tubali da rufin azara, wanda aka mayar rumbun ajiyar tarkace. Wata rana na shiga neman igiya, na ja ƙofa, sai na ji duniya ta yi tsit. Injin niƙa yana aiki, amma kamar a wani gari. Kaurin bangon ya kusa kamu guda, rufin ƙasa ne, ruwan sama ba ya ƙara a kansa, ga sanyi ko a watan Afrilu. Bangon kuma ba shafaffe ba ne sumul, yana da tudu da kwari irin na yaɓen hannu, wannan yana warwatsa sauti. Na tafa hannu sau ɗaya na saurara. Abin da nake kashe kuɗi ina nema, magina sun gama shi tun zamanin kaka.

Baba na tambaya, don soron mahaifinsa ne. Ya ce, “Tarkacen ciki dai kada ka zubar mini.”

Na kira magini ya gyara yaɓe, ya toshe tagar da ke kallon titi. Kafinta ya yi mini ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya da tazara a tsakani, muka bi gefunansu da robar tayar mota don su kama gam. Sauran amsa-kuwwar kuma auduga ce ta yi maganinta. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, ita ta kawo wa Funtuwa gidan gurza da masaƙa, ga shi ta yi mini rana ta wata hanya. Kafinta ya haɗa firam takwas na katako, zurfin kowanne santimita 10, na sayi auduga wajen masu katifa muka cusa ba tare da dannewa sosai ba, muka rufe da buhun algarara, muka rataye su a bango da kusurwoyi. Ƙasa muka shimfiɗa tabarmi da darduma. Auduga abokiyar wuta ce, saboda haka duk wayoyin lantarki a cikin bututu suke, nesa da ita, kuma ko turaren wuta ba a shiga da shi.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwamfuta ta hannu, ta gwanjo. Ƙaramin akwatin da ke karɓar murya daga makirfo ya miƙa wa kwamfuta, mai kafa huɗu. Makirfo iri biyu: akwai mai kaifin ji, wanda sai akwatin ya ba shi wuta bolt 48 yake aiki, yana kama har numfashi da motsin zane, akwai kuma irin na masu wa'azi, mai jin abin da ke gabansa kawai. Na farkon da na saya a wani shago jabu ne, sati biyu ya yi ya fara shiiii kamar ana suya. Na haƙura na sake saye. Na kuma koyi rufe su a akwati bayan aiki, don ƙurar hunturu da laimar damina duk suna kashe su.

Wuta ta fi komai ba ni wahala. Ta gari ba a dogara da ita. Janareta kuma ko an kai shi bayan katanga, wani zuuu yana biyo waya ya kwanta a ƙarƙashin murya. Dole na sayar da ragunan da nake kiwo na haɗa sola da batir biyu, na ajiye na'urar a waje saboda fankarta. Fankar ɗaki ma kashe ta ake yi in za a ɗauka. Kuɗin taki kuwa ya tafi kamar yadda Baba ya faɗa. Daminar 2022 taki ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, rabin gonata dawa na shuka maimakon masara, abin da na girbe bai kai rabin na bara ba. Baba bai ce mini komai ba, ya dai aiko mini da buhu biyu daga rumbunsa.

Tara 'yan amshi ya ɗauki wata biyu. Biyu sun rasu. Ɗaya tana aure a Malumfashi, sai da na je na roƙi mijinta. Biyu kuma tashin hankalin 'yan bindiga ya koro su daga ƙauyukansu na wajen Faskari, suna zaune a Funtuwa a gidajen 'yan uwa. Ɗayarsu ta ce mini rabonta da buga ƙwarya tun ranar da suka baro gida, ƙoren ma can ta bar su. Na sayo sababbi a kasuwa, Goggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa, ta mayar da uku ta ce ba su da murya.

Bayan sallar isha'i muke farawa, lokacin da injin niƙa ya tsaya. Suka zauna a da'ira kamar yadda suka saba. Na sa wa Goggo makirfo irin na masu wa'azi, tazarar taƙi ɗaya daga bakinta, na rataye masu kaifin jin guda biyu a sama don amshi da ƙore. Ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa na matsar da ita gefe, don amonta mai kauri kada ya rufe sauran. Babu abin kunne, babu fiyano. Na ce su yi kamar ba na nan.

Muryarta ta tsufa, ba zan ɓoye ba. Inda take hawa da can yanzu sai ta kewaye. Tana yin baiti biyar ta tsaya ta yi tari. Akwai manhajar da ke miƙe murya ta daidaita ta, na gwada a kan waƙa ɗaya na sa mata. Ta saurara ta ce, “Wannan 'yar yarinya ce, ba ni ba ce. Mayar mini da tsufana.” Na mayar.

A dare na uku, ina duba allon kwamfuta, sai na ga ƙofar ciki ta ɗan motsa. Baba ne a tsaye tsakanin ƙofofin biyu. Goggo ta gan shi, ba ta tsaya ba, sai ta juya waƙar ta sako mahaifiyarsu, da shekarar da aka yi fari, da wani ƙane da aka saya wa shanun huɗa da kuɗin ƙwarya. Ban taɓa jin wannan labari ba. Da suka kai ƙarshe ɗakin ya yi tsit, sai Baba ya ce, “Yaya, ashe ba ki manta ba.” Ta ce, “Kai ne dai ka manta.” Ya tsuguna a bakin ƙofa har muka tashi. Maganar tasu tana cikin abin da na naɗa, ban yanke ta ba.

Waƙa 23 muka ɗauka a cikin dare 9. Na ajiye su a wuri uku: kwamfuta, da wata ma'ajiya a ɗakin Baba, da intanet, don kaset ya koya mini hankali. Yanzu soron yana ciyar da kansa. 'Yan Islamiyya suna zuwa ɗaukar waƙoƙin saukar karatu, masu bege suna cika shi in Maulidi ya matso, masu maganin gargajiya da dillalan iri suna yin talla. Ban mayar da buhu 30 ɗina ba tukuna.

Goggo ba ta iya zuwa biki yanzu, ƙafa ta hana. Amma waƙoƙin sun riga ta fita, ana tura su daga waya zuwa waya. Kwanan baya matar nan ta Faskari ta zo da wata tsohuwa da suke zaune unguwa ɗaya, ta ce tana da waƙoƙin daɓe da na niƙa waɗanda ko a ƙauyensu an daina yi. Na tambaye ta ko guda nawa ne. Ta ce ba ta taɓa ƙirgawa ba. Mun sa ranar Alhamis, bayan isha'i.