Gida Nawa Ne a Gidanmu?

Mai sayen shinkafa a kasuwar Kura ba ya zazzage buhu kafin ya taya. Ɗan kaɗan yake ɗiba a tafin hannu ya duba. To, haka ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suke yi in suna son sanin halin da gidajen Nijeriya ke ciki. A ƙidayar 2006 an yanka ƙasar nan ƙananan yankuna, daga cikinsu aka ware wani babban jeri, watau rumbu guda wanda bincike iri-iri zai riƙa ɗiba daga ciki. A binciken da suka fara da Bankin Duniya a 2010, yankuna 500 suka ɗauka, gida goma-goma, ya zama gida 5,000.

Dabarar ta yi mini. Tana rage kashe kuɗi, kuma ana iya gwada sakamakon wannan bincike da na wancan. Amma ni ɗalibin Hausa ne, abin da ya tsaya mini a rai kalmar "gida" ce.

A takardarsu, gida shi ne mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. Mu kuwa a ƙauyenmu na ƙasar Bunkure zaure ɗaya gare mu, tukwane huɗu. Da damina baffannina gandu suke yi, a ci tare. Da rani, in aka sako ruwan Tiga, kowa ya kama fegin tumatirinsa ko alkamarsa, kowace ɗaka ta ɗora nata girki. Wanda ya zo rubuta mu a watan Agusta gida ɗaya zai samu, na Fabrairu huɗu. Kuma ba wanda ya yi masa ƙarya!

Sai kuma 'yan cirani. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya kama bin hanyoyinsa zuwa Kadawa, su ne ke yi mana tsinkar tumatir da ɗaurin kwando. A bukkar gona suke kwana, wasu a zauren mai gona. A nan ba a lissafa su mazauna ba, can garinsu kuma matansu ne ke amsa tambaya kan kuɗin da ba su ga shigowarsa ba tukuna. Da kowane bincike da nasa jeri, wataƙila wani ya tsinto su. Tun da rumbun ɗaya ne, wanda bai shiga ba, na lafiya ba zai gan shi ba, na noma ma haka.

Ina roƙon malamanmu na Sashen Hausa, in za a sake jeri, su nemi a zauna da su kafin a fassara takardar tambayoyin.