Ruwan daɗi a bakin tekun Zanzibar

Mutumin da ya tashi a Damagaram da randa yake auna wadatar gida kafin ya dubi kujeru. Da wannan ma'auni na auna otal ɗin da muka sauka a gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, inda ni da maiɗakina muka yi hutun kwana biyar. Daga Darussalam jirgin ruwa kan kai mutum birnin Zanzibar cikin kimanin awa biyu, sannan mota ta ratsa tsibirin zuwa gaɓar da ƙauyukan Paje da Jambiani suke.

Masaukin ya cancanci yabo. Ɗaki mai faɗi, gadon katako da ya sha sassaƙa, gidan sauro fari fat, ƙofa kuma na buɗewa kan rairayi mai laushi kamar tankaɗaɗɗen gari. Da safe akan kawo gwanda da mangwaro da shayi mai ƙamshin kanumfari, wanda su ke kira karafuu. Kalmarsu da tamu duk daga Larabci suka fito.

Tekun Indiya a wannan gaɓa ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu a yini yakan janye, wani lokaci ya yi nisa har sai an ƙura ido kafin a hango kumfarsa. A lokacin ne matan ƙauye ke shiga, su zauna cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyin da aka miƙe tsakanin turaku. Mwani suke kiranta, an kuma fara nomanta domin sayarwa a wannan yanki a 1989. Ana shanya ta, a fitar da ita ƙasashen waje, a ciro wani sinadari da ke sa abinci da man goge baki su yi kauri.

Janyewar tekun ce ke hana baƙo ninƙaya a lokacin da ya ga dama, shi ya sa manyan otal-otal ke gina tafkinsu. Namu shuɗi ne, cike maƙil, taku kaɗan daga teku. A nan hankalina ya tsaya. Ga tafki, ga ciyawa kore shar da ake ba ruwa tun asuba, ga tawul da ake canzawa kullum ko an taɓa ko ba a taɓa ba, ga bahon wanka da zai cika randunan gidanmu ya yi saura.

Gabashin Unguja kuwa ba ƙasar koguna ba ce. Dutsen murjani ne mai ramuka. Ruwan sama kan shige ciki ya kwanta a kan ruwan gishiri, domin bai kai shi nauyi ba. Idan aka ja shi a hankali, damina za ta mayar. Idan aka sa inji aka yi ta zuƙa dare da rana, na gishirin ya taso, rijiya ta koma zartsi. Mai burtsatse da injin famfo yana da dabarar da zai yi, mai guga kuwa sai dai ta ƙara nisan tafiya.

Wata safiya na tambayi saurayin da ke ban ruwan furanni yadda suke samun na sha a gida. Ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ƙanwata ce ke fita da jarka kafin ta tafi makaranta." Bai faɗa da ɗaci ba, ya ma ƙara da cewa da albashin wannan aiki yake saya mata littattafai. Maganganun nan biyu duk gaskiya ne, ban kuma ga wadda za ta kori 'yar'uwarta ba. Ruwan da ke kwarara daga tiyon hannunsa dai na ƙasar kakanninsa ne.

Mun ci kifi gasasshe, mun shiga kwalekwale mai filafilai, maiɗakina ta sayi kayan ƙamshi a tsohon birni. Ranar tafiya aka miƙo mini takardar biya: kuɗin ɗaki, na abinci, na wanki, da harajin gwamnati. Na bi ta layi-layi, ban ga inda aka rubuta ruwa ba, in ban da kwalabe shida na sha da muka karɓa a ɗakin cin abinci.