Ƙotar Wuƙa: Ta Ido Ce Ko Ta Hannu?

A nan Lugu, kamar sauran ƙauyukan Arewa, da wuya ka ga magidanci ba shi da wuƙa. Da ita ake yanka igiya, a fere sanda, a feɗe ragon layya. Abin da na lura da shi a ƴan shekarun nan shi ne samarinmu sun daina tambayar kaifi, ƙota suke dubawa. Wuƙaƙe masu naɗewa sun cika kasuwar Dogondutsi, ƙotocinsu na walƙiya, shuɗi da ruwan zinariya, masu sayarwa kuma suna cewa wai titaniyom ne.

Titaniyom na gaskiya ƙarfe ne mai daraja. William Gregor ya gano shi a Ingila a 1791. Nauyinsa ya ɗan haura rabin na baƙin ƙarfe, ba ya tsatsa, maganaɗisu kuma ba ya kama shi. Shi ya sa maƙeran Turai da Amurka ke yin ƙotar wuƙa mai tsada da shi, kamar Sebenza ta Chris Reeve, wadda sunanta ke nufin aiki a harshen Zulu.

Bayan an sassaƙa ƙotar, akwai hanyoyin gyara fuskarta. Wasu kan goge ta har ta zama kamar madubi. Tana da kyau a ido, amma kowane ƙarce yana fitowa fili, in gumi ko jini ya taɓa ta kuma sai santsi. Wasu kan feshe ta da ƙananan ƙwayoyin gilashi ko yashi da ƙarfin iska, ta koma ruwan toka mai ɗan kaushi, hannu ya kama ta da kyau. Wasu kuma kan zuba ta a ganga tare da tsakuwa a yi ta juyawa, har ta cika da ƙananan tabbai, ta yadda sabon ƙarce zai ɓace cikin tsofaffi. Ita kuwa mai launi, ba fenti ba ne. Lantarki ake sa mata a cikin ruwan magani, wani siririn ɓawo ya fito a kanta, kaurin ɓawon ne ke sa haske ya dawo shuɗi ko ɗorawa. Maiƙon hannu na dusashe launin, gogayya da makullai a aljihu kuma na cinye shi.

Da na karanta wannan, maƙeranmu na tuna. Maƙerin da ya hura wutarsa da gawayin ƙirya yakan yi ƙota da itace mai tauri irin aduwa, ya kankare ta daidai tafin hannu, wani lokaci ya yi mata ƴan tsage-tsage. Baduku ya naɗe ta da fata, ya ɗinka kube. Irin wannan ƙota ba ta zamewa a hannun mahauci, tsufa ma ƙara mata kyau yake yi. Abin da Bature ke biyan kuɗi masu yawa ya samu ta hanyar tsakuwa da yashi, shi maƙerinmu ya gada daga kakanninsa.

Damuwata biyu ce. Ta farko, yawancin masu walƙiyar nan na kasuwa ƙarfe ne ko gorar-ruwa da aka shafa wa launi, kuma makullinsu ba shi da ƙwari. Ƙota mai santsi da ruwan wuƙa mai rufewa ba zato, yatsun yaro ne za su biya. Ta biyu, yaron da ya saba raina aikin maƙerin garinsu saboda ba ya ƙyalli, haka zai auna tufa, da waya, har da mutane.

Ƴan'uwana malamai, darasin kimiyya ne a ɓagas. A kawo maganaɗisu da sikeli a aji, a gwada gutsuren baƙin ƙarfe da na gorar-ruwa, a kai yara maƙera su ga yadda ake sa ƙota. Iyaye kuma, in za ku saya wa yaro wuƙar aiki, ku jiƙa hannunku da ruwa, ku riƙe ƙotar, ku matsa. In ta zame, ku ajiye ta ko da mai sayarwa ya rantse titaniyom ce.