Tatar Zuma a Zangon Kumasi

Mai sayen zuma a Kumasi ba ya fara da ɗanɗanawa. Kwalbar yake ɗauka, ya ɗaga ta saitin rana, ya karkata ta, ya ƙura ido. In haske ya ratsa ta, sai a shiga maganar kuɗi. In kuwa ya hango hazo-hazo a ciki, ko wata baƙar gwiɓa kwance a gindi, sai ya ajiye a hankali ya ce zai zagayo, kuma duk ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan zagayowar. Mutanen Asante haka suke yi, mu ma 'yan Zango haka muke yi, don algus ya yi yawa har kowa ya zama mai zargi. Abin haushin, ta masu dafa sukari ce ke fita garai-garai kamar gilashi, ta gasken kuwa da dattinta take baro daji.

Na haura shekara goma ina wannan sana'a a Aboabo. Zumata daga arewa take zuwa, wata daga wajen Atebubu da Kintampo, wata daga Tamale zuwa sama, a cikin jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor. In na sayi biyar ko shida a ƙarshen rani, to jarina ke nan kaf, har da kwasar adashi. Kuɗin makarantar yara na cikin jarkokin nan. Shi ya sa maganar tata ba ƙaramar magana ba ce a gidanmu: zuma iri ɗaya, daga jarka ɗaya, in ta fita tas mai shagon maganin Musulunci zai ɗauki katan guda, in ta yi duhu-duhu sai dai a bi tasha ana tallan ta a karye.

Abin da ke cikinta kala-kala ne, kuma ba duka ba ne datti. Akwai ɓarɓashin kaki, da fiffike da ƙafar ƙudan zuma, da tokar ciyawar da aka yi wa amya hayaƙi da ita, wani lokaci har da yashi. Waɗannan dole su fita. Akwai kuma ƙurar fure da ƙananan kumfan iska da suka shiga lokacin matsa, su ne ke kawo yawancin hazon. Kumfan zai tashi da kansa in an ba shi lokaci. Ƙurar fure kuwa ni ba na faɗa da ita, ita ce shaidar cewa ƙuda ne ya yi abin, ba tukunya ba.

Wata dattijuwa da muke layi ɗaya, wadda ta riga ni shiga sana'ar, kullum kan wannan muke saɓani. Ita ɗora ta take yi a wuta har ta tsinke kamar ruwa, ta juye a ƙyalle, cikin minti kaɗan an gama.

"Ke 'yar nan, wahala kike so," in ji ta. "Haka iyayenmu ke tace maɗi, da zafinsa."

"Gaskiya ne Hajiya, amma ai maɗi dafa shi ake yi tun asali. Ita wannan ƙuda ya riga ya gama mata aiki."

Sai ta yi dariya ta ce boko ya ɓata mu. Ba ta yi ƙarya ba kan maɗi. Kakata, da ta taso a ƙasar Katsina, in ta jiƙa ɗinya ta murje, sai ta tace ruwan kafin ya hau wuta, in ya fara kauri ta sake tacewa da zafinsa, don in ya huce ba ƙyallen da zai bi. Amma wuta ba ta yi wa zuma abin da take yi wa maɗi. Cikin amya zafin bai wuce wajen digiri 35 ba. In aka kai zuma can sama, ƙamshin furen ya gudu, launinta ya yi duhu, sinadaran da ake nemanta dominsu su raunana. Sannan kaki yana narkewa da an haura digiri 60 kaɗan, ya bi ta ramukan ƙyallen tare da zumar, in ta huce ya dawo a matsayin wani sabon hazo mai maiƙo a wuyan kwalba. Masu awo a ɗakin gwaji ma suna gane zumar da ta sha wuta, akwai wani sinadari da ke ƙaruwa a cikinta, ana kiransa HMF.

Ɗan yayata da ke aiki a Kanada ya taɓa zuwa mana da kwalbar ruwan zaƙin da suke samu daga bishiyar mapul. Yaran gida suka ce maɗin Turawa ne, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. A ƙarshen sanyinsu, wajen watan Maris, ake huda bishiyar a tari ruwanta, a dafa wajen lita 40 kafin a sami lita 1. Lardin Kwibek kaɗai ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke sha. Su ma suna da tasu gwiɓar: in ruwan ya ƙone ya yi kauri, ma'adinan cikinsa kan dunƙule su zama kamar yashi mai laushi, sai a tace da zafinsa ta cikin ƙyallen ulu mai kauri. In an sake tafasa shi bayan tata, wani sabon yashin ya fito. Na kawo wannan ne saboda yaranmu na ganin bidiyon irin wannan tatar a YouTube, su zo suna cewa Mama ga yadda ake yi a waje. A'a. Wancan ɗan'uwan maɗi ne, hanyarsu ɗaya da ta kakata. Zuma dabam take.

Ni tawa hanyar ba ta da wata dabara sai jira. Da dare nake yi, a ɗaki, ƙofa da taga a rufe, don in kika buɗe zuma da rana a tsakar gidan haya, kafin ki ankara ƙudan unguwa sun sauka, ga yaran mutane na wasa. Nakan tsoma jarkar cikin baho mai ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki ba tare da an janye ba, har zumar ta saki jiki. Daga nan ta bi ta rariya mai manyan ido, sannan ta bi ta farin ƙyalle mai laushi irin na tatar koko, wanda ban taɓa sa shi a wani aiki ba. Ƙyallen ya zama busasshe ƙarau. Kuma ba a matsa shi, duk yadda zuciya ke so, don matsar ce ke tura dattin da aka tare ya koma ciki. A bar shi ya yi ta ɗiga har asuba.

Babban aikin ma bokiti ne ke yin sa. Ina da farin bokitin roba mai murfi, an sa masa famfo ɗan sama da gindi kaɗan. Zumar takan kwana uku a ciki, mai kauri har mako. Kaki da kumfa su taso sama, yashi da toka su kwanta ƙasa, ni kuma in ɗura kwalabe daga tsakiya. Kumfan saman, in an shimfiɗa masa leda mai tsabta aka ɗaga a hankali, biyo ta yake yi. Murfin nan kuwa kada a yi wasa da shi. Kumasi ba Maraɗi ba ce, iskar nan jiƙe take, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, kuma zuma na jan ruwa daga iska. Ƙa'idar duniya ta ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. In ya wuce, sai ta fara tsami, ta yi kumfa, murfin kwalba ya kumbura a kan teburin mai shago, sunanki kuma ya tafi da shi.

Akwai abin da ƙyalle ba ya cirewa ko da za a ninka shi goma. Warin hayaƙi ba ya fita. Warin man da jarka ta taɓa ɗauka ba ya fita. Mafi muni, in mai ɗiba ya matse saƙar da ke da 'ya'yan ƙuda tare da farar saƙa, ruwan jikinsu ya gauraye da zumar, hazon nan ya zauna ke nan, kuma ba za ta daɗe ba ta lalace. Wani mai kawo mini kaya ya taɓa haɗa mini jarka biyu irin wannan a cikin shida, sama kyakkyawa, ƙasa kamar kunu. Ban yi masa hayaniya ba, na daina saye a hannunsa ne kawai. Yanzu na fi son masu amyar katako mai sanduna, irin wadda cibiyar TCC ta jami'ar KNUST ta yi ta yaɗawa a ƙasar nan tun wajen ƙarshen shekarun 1970, don a cikinta ana ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya a zaɓi wadda ta nuna a bar mai 'ya'ya. Nakan ƙara musu kuɗi a kan jarka, kuma ribar na dawowa.

In zuma ta daskare ta yi tsaki-tsaki lokacin hunturu, wannan ba algus ba ne, halin wasu furanni ne, ruwan ɗumi ke mayar da ita. Nakan gaji da bayanin nan, amma ina yi. Gwajin ashana da na ɗiga ta a kofin ruwa da ake ta yi a bakin tebur, ni ban ɗauke su hujja ba, dafaffen sukari mai kauri ma yana cin wannan jarrabawar.

Abu ɗaya da nake gaya wa duk mai jego da ta zo saye, ko ranta zai ɓaci: likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Tata ba ta cire ta, dafawar gida ma ba ta kashe ta. Wata kaka ta taɓa ce mini su da zuma aka yi musu buɗa-baki ga su nan da ransu. Na ce Allah ya ƙara lafiya Inna, amma wannan kwalbar ta mai jegon ce, jikan ya jira shekara.

Abin da ya rage a ƙyalle ba ya zuwa bola. Nakan ɗauraye shi da ruwa kaɗan, ruwan ya shiga lamurjin gida a ranar, kakin kuma in narkar da shi a tsohuwar tukunya, ya huce ya zama faifai. Masu rinin batik da masu haɗa man shafawa na saye, wasu har sukan bar kuɗinsu ta MoMo tun kafin motar Tamale ta iso.