Ruwan da ya koma ta inda ya fito

A Ƙofa, kamar sauran garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya, yara sun fi sanin kifi a soye ko banda. Kaɗan ne suka taɓa ganin ƙarfasa da ranta tana iyo, sai wanda aka taɓa kaiwa bakin madatsar Zobe ta Dutsin-Ma. Shi ya sa na ƙwallafa rai sai na haɗa akwatin kifi na gilashi a ɗakin zaurenmu, irin wanda nake gani a wasu shaguna a Kano, don 'ya'yana da na maƙwabta su riƙa kallo. Akasarin aikin ya yi kyau. Wuri ɗaya na yi ganganci, kuma sai da aka ja mini kunne a kansa.

Akwatin tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 45, tsayinsa 45, wato yana cin ruwa wajen lita 240. Kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne, don haka sai da maƙeri ya ƙera mini teburin ƙarfe. A ƙarƙashin teburin na ajiye ƙaramin tanki mai cin lita 60, na zuba masa soso da tsakuwa. Nan ne matata: soso ya tare datti, ƙwayoyin halittar da ke zama jikin tsakuwa kuma su karya gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi. Ƙaramin injin lantarki yana tura ruwan da aka tace zuwa sama, wanda ya yi yawa a saman ya gangaro ƙasa, haka dai dare da rana.

Hanyar gangarowar ce ta fi cin lokaci, ita kuma na fi alfahari da ita. A kusurwa ɗaya ta cikin akwatin na manna fallen gilashi a tsaye, ya yanke ɗan lungu, bakinsa bai kai bakin akwatin ba. A bayansa bututun roba ne tsaye, ya bi ta hujin da ke gindin akwatin ya sauka cikin matata. Ruwa ba ya shiga lungun sai ya haura bakin fallen, saboda haka abin da ke tafiya shi ne na sama-sama, mai maiƙo da ƙura. Na sa raga a bakin don kada ƙananan kifi su bi. Hujin a Kano aka yi mini shi, da bakin injin huda gilashi, ana yi ana zuba ruwa don kada wurin ya yi zafi ya tsage. Mai gilashin ya gargaɗe ni cewa gilashi irin na tagar mota ba ya huduwa, rugurgujewa yake yi, kuma in guji silikon na banɗaki mai maganin fumfuna, domin yana kashe kifi. Duk na kiyaye. Na cika akwatin na bar shi ya kwana, ko ɗigo bai zuba ba.

Matsalar ta faro daga ƙara. Bututun da ke mayar da ruwa sama bakinsa a sarari yake, ruwan yana zuba da sauti, baƙon da ya kwana a ɗakin ba ya samun barci. Sai na jona masa guntun bututu da gwiwa, na nutsar da bakin kamar santimita 15 cikin ruwa. Ɗaki ya yi tsit.

Kawuna manomin rani ne, ya daɗe yana fama da injin ban-ruwa da tiyo a fadama. Ya shigo ya tsuguna, ya bi bututun da ido daga sama har ƙasa.

"Ɗana, in injin nan ya tsaya, ruwan ina zai nufa?"

Na ce, "Kawu, ai ba ya tsayawa. Sola ce, ga batir."

"Ban ce maka zai tsaya ba. Na ce in ya tsaya. Kashe shi mu gani."

Na ce sai an jima, baƙi na hanya. Gaskiyar ita ce ban so a ce dattijon da bai taɓa kiwon kifi ba ya gano aibi a aikin da na kwashe makonni ina nazari a waya. Ya kakkaɓe rigarsa ya fita, bai ƙara tada maganar ba.

Da hunturu ya kama, hazo ya rufe rana, ƙura ta kwanta a kan farantan sola. Batirin da ke kaiwa asuba ya fara gazawa, ban lura ba. A daren da abin ya faru ina Katsina, na bar mabuɗin ɗakin a hannun ɗan yayana, yaro mai natsuwa wanda tun farko shi ke miƙo mini kayan aiki. Cikin dare wuta ta ɗauke, inji ya tsaya.

Duk wanda ya taɓa ganin ana zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo ya san sauran labarin. Bututu cike da ruwa, bakinsa na sama a nutse, na ƙasa ya fi shi gangare: nauyin ruwan da ke cikin doguwar ƙafar zai yi ta janyo na sama, ba zai daina ba sai iska ta shiga. Injin da ya tsaya kuwa ba ya tare komai, ruwa ratsa shi yake yi ya wuce. A akwati mai wannan faɗi, kowane santimita ɗaya na zurfi lita biyar ne da kusan rabi. Santimita 15 ya haura lita 80. Matatar da na cika kusan maƙil ba ta da wurin da ya wuce na lita goma. Sauran, kusan jarka uku ta 'yan garuwa, a daɓen ɗaki ya ƙare. Da rana ta fito wuta ta dawo, injin ya kwashe abin da ke cikin matata ya tura sama, ruwan bai kai bakin fallen ba balle ya dawo, ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone.

Kifin ba abin da ya same su, ƙarfasa tana da juriya. Abin da ya lalace waken mahaifiyata ne, buhu biyu da ta jingine a ɗakin tun kaka tana jiran farashi ya tashi. Gindin buhunan ya jiƙe, waken ya kumbura, na ƙasa ya fara wari kafin a shanya.

Na dawo na tarar da tabarmi a kan katanga, yaron yana tsane daɓe da tsumma. Ban tambayi komai ba na hau shi da faɗa a gaban ƙannensa, na ce shi ya taɓa bututu. Ya ce, "Wallahi Baffa ban taɓa ba," idonsa ya kawo ruwa. Na ce ya ajiye mabuɗin ya fita. Wannan ya fi asarar waken yi mini ciwo har yau, domin tun ina faɗan, tambayar Kawu tana yi mini amsa-kuwwa a kunne. Na san inda laifin yake, na ɗora wa wanda ba zai iya mayar mini da magana ba.

Da na samo wani injin, na kira Kawu da yaron, na cika akwatin, na zare waya da hannuna. Muna tsaye ruwan ya fara sauka, matata tana cika. Kawu bai ce uffan ba. Ya sa aka ɗora ƙusa a wuta, ya huda bututun da ke mayar da ruwa sama, a ƙasa kaɗan da saman ruwa. Muka sake gwadawa. Ruwan ya sauka kamar faɗin yatsa, hujin ya fito sarari, bututu ya shaƙi iska ya yi gurnani, komai ya tsaya.

Na je wurin mahaifiyata da kuɗin waken. Ta karɓi rabi da ƙyar, ta ce, "Allah ya sa iyakarta ke nan. Amma yaron nan a gaban mutane ka kunyata shi, a gaban mutane za ka wanke shi." Bayan sallar magariba na tara yaran gidan, na faɗa musu cewa aikina ne ya zubar da ruwan, na ba shi haƙuri, na mayar masa da mabuɗin.

An ba ni shawarar in sa bawul mai hana ruwa komawa, amma datti kaɗan ke hana shi rufewa, don haka ban dogara da shi ba. Na ƙara huji na biyu kusa da na farko, saboda gansakuka tana toshe ƙaramin huji, sai ana sa tsinke ana buɗewa. Na ja layi da fenti a jikin matata, na bar wurin lita 25 babu ruwa. A cikin lungun kuma na tsayar da bututu na biyu, ya ɗan ɗara na farko tsayi, don ranar da ganye ko mataccen kifi zai toshe hanya. Duk ranar Juma'a yaron yana goge farantan sola, sannan mu kashe injin mu tsaya har ruwan ya tsaya. Waken kuwa an mayar da shi ɗakin ajiya, a kan katako.