Turmi Ya Yi Shiru

'Yan'uwana mata, kun lura turmi ya yi shiru a birnin Katsina? A da, a gidanmu na Rafindadi, in za a yi surfen gero, mata uku ne kan turmi guda suna lugude, waƙa na bin taɓarya. Nan ake yi wa kishiya habaici, uwar miji na ji, ba ta da ta cewa. Ai waƙa ce!

Hatta ƙwaryar damun fura, ita ake kifawa cikin ruwa a kaɗa amada, irin ta Barmani Choge 'yar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013.

Yanzu inji ya karɓe aikin. Ƙugu ya huta, ban musa ba. Amma ni dai, in an ɓata mani rai da safe, abin a cikina yake kwana.