Ɗan Abare da shirin zuwa Zanzibar

1/ Jama'a, yau zan tona wa kaina asiri. Wata goma sha huɗu ke nan ina shirin tafiya hutu Zanzibar. Ni da ban taɓa ganin teku ba, ban taɓa hawa jirgin sama ba, ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne dam ɗin Bakolori. Ku yi dariyarku ku gama, sannan ku biyo ni. 🧵

2/ Abin ya samo asali ne a hostal, wani dare da ba wuta, zafin Sakkwato ya hana kowa barci. Wani ɗan ɗakinmu yana ta ƙona data a TikTok, sai ya miƙo mini waya ya ce, "Ɗan ƙauye, zo ka ga duniya." Bakin teku ne, ruwa shuɗi kamar an zuba bula, rairayi fari fat. Shi ruwan yake nuna mini. Ni kuwa idona ya tsaya a kan wani yaro da bai wuce shekara biyu ba, ya zauna dirshan cikin rairayin yana dumbuza yana kaiwa baki, uwarsa na gefe tana dariya.

3/ Sau huɗu na sa ya mayar da bidiyon baya. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau. Ba zai gane ba. Ku ma sai na ɗan koma da ku baya.

4/ Ni ɗan Abare ne, ƙaramar hukumar Anka, Zamfara. In ka taɓa jin sunan garinmu a rediyo, to ɗayan biyu ne: ko gubar dalma ko 'yan bindiga. A 2010 shekarata bakwai. Lokacin zinariya ta yi kuɗi, ana kwaso duwatsu daga ramuka a kawo su har cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi ɗaki, ta bi tabarma, duk inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen nan cike yake da dalma.

5/ Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kula ba. Sai yara. Amai, ciwon ciki, sai jijjiga, shi ke nan. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau. Sai da likitocin MSF suka shigo aka gano daga ƙasa abin yake. Yara sama da 400 suka rasu a garuruwan Anka da Bukkuyum: Dareta, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Bagega, da mu.

Ƙanwata na cikinsu. Ko yaye ba a kai ga yi mata ba.

6/ Daga baya aka zo da shebur da baro aka kankare saman ƙasar gidanmu, aka ɗura a buhuna aka kai rami aka binne, aka kawo wata ƙasar daga wani wuri aka shimfiɗa. Ina tsaye ina kallo. Tun daga ranar kalmar da na fi ji a bakin Inna ita ce "tashi daga ƙasa!" Dukan da na sha a kan wasan ƙasa ya fi wanda na sha a makarantar allo. Har gobe in na zauna ba tabarma sai in ji kamar za a kwaɗe ni a ƙeya.

7/ To kun ji. Ba iyo nake son koya ba, ba hoto da gilashin rana nake nema ba. So nake in kwanta rub da ciki a kan rairayi, in cusa hannu ciki har gwiwa, ba mai ce mini tashi.

8/ Washegari na sayi littafi na naira 300 na rubuta ZANZIBAR a bangonsa. Abin da na tara a ciki, wallahi da haka nake wa kwasa-kwasaina da yanzu ni ne na ɗaya a aji.

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya a tekun Indiya. Manyan tsibiran biyu ne, Unguja da Pemba, kuma wanda kuke gani a bidiyo yawanci Unguja ne. Daga Kano akwai jirgin Ethiopian zuwa Addis Ababa, a can ka canza zuwa Zanzibar. Ko ka sauka Dar es Salaam ka shiga jirgin ruwa, kamar awa biyu. Agogonsu ya riga namu da awa biyu.

9/ Lokacin zuwa ma na tantance. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ake shatatawa, kuɗin otal ya sauka amma rabin hutunka a ɗaki za ka yi shi. Yuni zuwa Oktoba ya fi.

Sai zaɓen gefe. A gabas, wajen Paje, ruwan kan janye ya yi nisa sau biyu a rana, har mata su shiga filin da ya bari suna noman ciyawar teku. A Nungwi, can ƙuryar arewa, ba ya janyewa haka, shi ya sa baƙi suka fi tururuwa can. Kowa Nungwi yake so. Ni Paje na zaɓa. Inda ruwa ke tafiya ya bar maka rairayi iya ganinka, ai nan ne wurina.

10/ Wani abin da ya kwantar mini da hankali: mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne. Ba ka da fargabar abin da za ka ci, ba ka neman wanda zai nuna maka gabas. Yarensu Swahili kuma in ka kasa kunne sai ka ji kamar ɗan uwa ne da ya daɗe a tafiya. Habari, labari. Asubuhi, asuba. Dunia, duniya. Sabuni, sabulu. Alhamisi kuwa ko fassara ba ta so. Duk daga Larabci muka ɗebo, mu ta hamada, su ta teku.

11/ Yanzu ga inda gizo ke saƙar: lissafi.

Fasfo, tun Satumban 2025, mai shafi 32 naira dubu 100. Biza dala 50, kuma mu 'yan Najeriya ba a ba mu ita a filin jirgi, sai ka nema ta intanet tun da wuri ka jira a tantance ka. Katin rigakafin shawara. Sannan tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya biya inshorar dala 44. A canjin wajen naira 1,500, biza da inshora kaɗai sun kai dubu 140. Tikiti kuwa, ranar da na duba ya haura miliyan, na kife wayar na tafi masallaci.

Manyan otal-otal ɗin bakin ruwa ko shafinsu ban buɗe sau biyu ba. Gado ɗaya a ɗakin haɗaka na rubuta, kwana huɗu. Ɗan hostal ne ni, me zai ba ni tsoro?

12/ Dubu 20 ta NELFUND ba ta kai ni ƙarshen wata, balle Addis Ababa. Don haka na shiga sayar da data, ina kuma buga wa 'yan ajin ƙarshe furojet a kwamfutar aro. Na daina shayin dare da ƙwai. Wata goma sha uku na tara dubu 187. Niyyata in an yi hutu in fara da fasfo.

13/ Ga abin da ke ba ni dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi. Ina iya faɗa maka yadda za ka tashi daga Kano ka kwana a Paje, mataki bayan mataki. Amma tambaye ni yaushe zan je gida, ban sani ba. Daga Sakkwato sai ka kama hanyar Gusau, ka ratse a Mayanchi ka nufi Anka, kowa a motar ya yi tsit yana ta addu'a. In ka isa Anka ba ka wuce ba sai ka buga waya an ce maka hanya ta yi kyau yau. Wani lokaci ka kwana biyu kana jiran wannan kalmar. Rabona da Abare Sallah biyu ke nan.

A Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, makonni na yi ban ji muryar Inna ba. Amma yanayin garin Paje, kullum da safe wayata sai ta gaya mini.

14/ Watan jiya Yaya ya kira ni da dare. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya. An aza wa yankinmu kuɗi kafin a bar mutane su girbe abin da suka noma, an raba gida-gida, an ba da wa'adi. Bai roƙe ni ba, bai ma san ina da ko sisi ba. Cewa kawai ya yi in taya su da addu'a, dawa ta nuna tana tsaye a gona.

Na tura dubu 170 kafin in kwanta. Kada wani ya zo yana yaba mini a ƙasan zaren nan, don Allah. Da na tura sai da na shiga banɗaki na yi kuka, kuma ba kukan tausayin kowa ba ne, kukan kuɗina ne. Na san hannun da za su faɗa, na san abin da za a saya da su. Na tura duk da haka, don dawar nan ita ce tuwon gidanmu na shekara.

15/ Yaya ya matsa sai na faɗi inda na samu kuɗi, don a wajenmu yaro ya fito da dubu 170 dare ɗaya abin tsoro ne. Dole na faɗa. Shi kuma ya kai wa Inna. Da safe sai ga kira.

"Kai wanga yaro, mi za ka yi cikin ruwan da ba a sha, ba a alwala?"

Na ce Inna, sha ne dai ba a yi, amma alwala ta halatta da ruwan teku, malamai sun tabbatar. Ta ce to ita ba ta ga abin kashe kuɗi ba. Sai na ba ta labarin yaron nan na cikin bidiyo, yadda yake cin rairayi uwarsa na dariya.

Ta yi shiru. Har na ciro wayar daga kunne na duba ko layi ya yanke.

Can ta ce, "Kuma ba ya yi mai komi?"

Na ce ba ya yi masa komai, Inna.

16/ Ta sake yin shiru, sannan ta tambaye ni me ake nomawa a garin. Na ce kanumfari, da shi aka san su a duniya, musamman Pemba. Ta ce ashe daga can yake zuwa, ga shi ya yi tsada a kasuwar Anka har ta rage sa shi a fura.

"To in Allah ya kai ka lahiya, ka taho min da kanumhwari. Mudu guda. Kak ka bari su cuce ka wurin awo."

17/ Saura dubu 17 a asusun. Jiya na buɗe sabon shafi a littafin, na rubuta fasfo dubu 100, biza dala 50, inshora dala 44, na ƙara layi ɗaya a ƙasa: kanumfari, mudu 1. Mai buƙatar data ko bugun furojet, akwatin saƙona a buɗe yake.